Ɗiyar Ƙanwar Hajiya

Shekara tara na yi ina aikin haƙori a wani ƙaramin asibiti a Jibiya, kuma a tsawon shekarun nan babu maganar da ta fi shiga kunnena kamar "kunya gare ta." Miji zai kawo matarsa, ya tsaya a kanta ƙiƙam, ya ce kunya gare ta. Uwa ta kawo budurwar 'yarta, in tambayi yarinyar inda ke mata ciwo, kafin ta motsa leɓe uwar ta amsa. Haka muka tashi muka tarar, haka muke aiki: mai ciwo ya buɗe baki, mai rakiya ya yi magana. Ni kaina ban taɓa ganin aibin abin ba. Har daɗi nake ji, don mai rakiya ba ya kuka, ba ya kame-kame, aiki sai ya yi sauri. Ni ba likita ba ce, ma'aikaciyar haƙori ce, amma mutanen gari likita suke ce min, na gyara har na gaji na ƙyale su.

Akwai wata Hajiya da kowa ya sani a garin. Atamfa da turare take fatauci tsakanin Jibiya da Maraɗi, gidanta na can wajen Magama, dab da bakin iyaka. Mace ce mai fara'a, mai yawan gaisuwa, carbi ba ya barin hannunta. Idan ta shigo asibiti sai ta bi benci ta gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, har mai shara.

Ana gobe kasuwa, dab da azahar, ta shigo ɗakina riƙe da hannun wata yarinya cikin dogon hijabi ruwan toka. Yarinyar ta dafe kunci, kanta a ƙasa.

"Likita, ga ɗiyar ƙanwata na kawo miki," in ji Hajiya. "Haure ya hana ta sakat. Ki hidda mata shi yanzu-yanzu, gobe tahiya gare mu Maraɗi, biki."

Na zaunar da yarinyar a kujera na ce, "Sannu. Wane gefe ne haƙorin?"

"Hagu," Hajiya ta amsa. "Kada ki wahal da kanki, kunya gare ta. 'Yar ƙauye ce, daga Farfaru. Ba ta taɓa shiga asibiti ba, ko allura ba ta sani ba."

Na yi dariya, Allah ya yafe min, na ce, "Ai irinsu ake nema, Hajiya. Na yanzu idonsu a tsaye yake." Da bakina na faɗi wannan maganar, ina sa safar hannu.

Na ce ta buɗe baki, ba ta motsa ba, sai da na taɓa haɓarta na buɗe nawa bakin ta gani. Na ɗauka tsoro ne. Da na haska ciki, na ga haƙorin tauna na hagu ya tsage gida biyu, dasashin ya cika da mugunya, kumburin ya sauko har ƙarƙashin muƙamuƙi. Jikinta zafi rau. Naman kuncinta ta ciki ya yage, ya fara haɗewa, haka ma cikin leɓen sama.

"Me ya same ta?"

"Ɗan kabu-kabu ya kada ta."

Na kama hannunta kamar zan ji bugun jini, na juya tafin. Lalle ne sabo fil, ja jawur, babu ƙwarzane ko ɗaya. Haɓarta lafiya lau. Duk wanda ya yi aiki a garin da kowa ke hawa babur ya san yadda faɗuwa take: tafin hannu da gwiwa da haɓa suke fara biya. Naman kunci kuwa ba ya yagewa ta ciki haka sai an haɗa shi da haƙori da ƙarfi. Duka ne. Amma gaskiya ɗaya ce, da abin ya tsaya nan da na haɗiye, don ba ranar na fara ganin mari ana kiransa faɗuwa ba, kuma na sha yin shiru.

Da na juya madubin gefen dama ne na tsaya cak. Haƙoranta biyu na tauna an yi musu ciko, farin ciko, sumul, launinsa ɗaya da haƙorin, sai mai aikin ne zai gane. Mu a asibitinmu ko kayan yin irinsa ba mu da su, namu baƙi-baƙin nan ne da ake gani daga nesa. Na san Farfaru, mun sha zuwa duba mutane. A can idan haƙori ya tashi, kanumfari ake dannawa, idan ya ƙi a nemi wanzami. Yarinyar da ba ta taɓa shiga asibiti ba, ga aikin gwani a bakinta har biyu. Wani ya taɓa kai ta inda ake kula da haƙori tun kafin ya ruɓe, ya zauna ya jira ta.

To me ya sa Hajiya za ta yi min ƙaryar da ban roƙe ta ba?

Nan take na tuna. Wata uku da suka wuce Hajiya ta kawo wata ɗiyar ƙanwarta, ita ma cikin sabon hijabi, ita ma kunya gare ta. Kafin ita akwai wata. Ƙanne nawa gare ta ne, kuma duk 'ya'yansu bebaye? Na cire musu haƙori tsaf, na danna auduga, na yaba tarbiyyarsu, na raka Hajiya har bakin ƙofa. An taɓa kai mu taron bita a Katsina, aka gaya mana alamun wanda ake safararsa: mai rakiya ba ya barinsa shi kaɗai, shi ke amsa masa komai, labarin ciwon bai dace da ciwon ba, ana gaggawa, takardunsa ba sa hannunsa. Na rubuta a littafi, na ci shinkafar taron, na dawo gida ina ganin wannan zancen manyan birane ne. Ni da nake zaune a bakin iyaka! Takaicin kaina ya kama ni.

Minti goma nake buƙata da ita, mu biyu. Amma a ɗakin nan ba a taɓa cewa mai rakiya ya fita ba, balle Hajiya. Idan na faɗa, za ta gane, ta ja yarinyar su tafi, gobe kuma kasuwa, babura kamar ƙudaje a hanyoyin daji, wa zai lura da hijabi ɗaya?

Na yi wa yarinyar allurar rage zafi, ina jan lokaci, sai ladan ya kira azahar. Na tura ƙofa ta buɗe sosai yadda matan da ke jira a benci za su ji, na ɗaga murya.

"Hajiya, an kira salla. Ga buta da darduma can ɗakin ma'aikata. Allurar nan sai ta yi rabin awa kafin ta kama."

"Bari dai ki gama, Likita."

"Haba Hajiya, ke da ba ki wasa da lokaci? Mu ma a wajenki muke koyo."

Wata tsohuwa daga ƙauyen Kusa, da ta zo da nata haƙorin mai girgiɗi, ta miƙe daga benci tana dafa gwiwa. "Taho mu yi tare, Hajiya, ki nuna min wurin."

Hajiya ta dubi carbinta, ta dubi matan benci da suka zuba mata ido. Macen da ta gina sunanta a kan salla ba za ta ce a'a a gaban mata shida ba. Ta sunkuya ta raɗa wa yarinyar wani abu, ta matse mata wuyan hannu, ta ɗauki jakarta ta fita.

Na rufe ƙofa. Na durƙusa yadda idona zai yi daidai da nata, na tambaye ta da Turanci a hankali ko tana jin Hausa. Ta ɗago ta dube ni karon farko. Ta girgiza kai.

Na gaya mata duk abin da ta faɗa min ba zai koma kunnen Hajiya ba, kuma ba zan yi komai ba sai na tambaye ta. Ban ce mata an sayar da ita ba, ban kira abin da babban suna ba. Ƙananan tambayoyi na yi. Ina kika kwana jiya? Kina iya fita idan kina so? Ina wayarki? Wa ya buge ki?

Da kyar maganar ke fita saboda kumburi, amma ta fita. 'Yar kudu ce, shekararta goma sha bakwai. Wata mata ce ta ce za ta sama mata aikin kitso da gyaran gashi a ƙasar waje. Uwarta na can ta ɗauka tana birni tana koyon sana'a. Wayarta da takardunta suna cikin jakar Hajiya. Su uku ne a ɗaki ɗaya, ana kulle su ta waje. Tun kafin su shigo Katsina aka sa musu hijabi, aka ƙunsa musu lalle, aka ce duk wadda ta buɗe baki a shingen jami'ai ta kuka da kanta. Ita kuwa ƙishirwa ta sa ta nemi ruwa da Turanci a wani shinge. Da suka sauka direban motar da ta ɗauko su ya nuna mata kuskurenta. Kwana biyar ke nan haƙorin na cin ta.

Na ce, "Wa ya kai ki aka yi miki cikon nan?"

"Mamata," ta ce. Sai hawaye. "Sau biyu. Ta riƙe min hannu."

Na ji kamar in fasa wani abu a ɗakin. Sun san mu sarai, mutanen nan. Sun san idan aka lulluɓe yarinya aka ce kunya gare ta, babu namijin da zai ɗaga ido ya kalle ta, babu macen da za ta matsa mata, har yaba ta za a yi. Da tarbiyyarmu suka ɗinka buhun da suke zuba 'ya'yan mutane.

"Me kike so in yi?" na tambaye ta.

"Ba na son in haye iyaka," ta ce. Ta riƙe min riga. "Amma idan suka gane, za su kwashe sauran biyun."

Na ce ba zan yi mata alkawarin da ba ni da iko a kai ba. Akwai hukumar da aikinta ke nan, zan kira su, kuma zancen gidan zan fara yi musu. Muka ji ƙarar silifa a baranda. Ta ce, "Kira." Ta faɗo lambar uwarta da sauri, na rubuta da biro a damtsena, na ja hannun riga na rufe.

Hajiya ta shigo tana jan carbi. Na ce mata haƙorin ba zai ciru yau ba, kuma wannan ba ƙarya ba ce. Sai an sa mata ƙarin ruwa da magani kumburin ya sauka.

"Tahiya gare mu, na ce miki."

"Idan kumburin nan ya sauka maƙogwaro a hanya, gawa za ki kai Maraɗi."

Ba ta ce innalillahi ba. Ba ta tambayi ko yarinyar za ta tashi ba. Cewa ta yi, "Awa nawa zai ɗauka?" kamar wadda ta kai mota gareji.

Na kwantar da yarinyar a ɗakin gefe, na sa mata ruwa, Hajiya ta ja kujera ta zauna a kanta. Na wuce ofishin shugaban asibitinmu, dattijo mai sanyin hali da ya kusa ajiye aiki. Na gaya masa komai. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Malama, haƙori aka kawo miki. Ki cire haƙori."

"Ranka ya daɗe, yarinya ce aka kulle."

"Mu nan bakin iyaka muke. Ba mu ke gadin ta ba. Mutanen nan suna da yara masu babura, sun san gidana, sun san naki. Idan kuma kin yi kuskure fa? Kin tona wa baiwar Allah asiri a banza."

Asiri! Yarinya na kwance da haƙori a tsage, shi asirin Hajiya ne ya dame shi. Na ce masa abin da ban taɓa tsammanin zan faɗa wa sa'an babana ba: na ce idan 'yarsa ce a wani gari, yana so ma'aikaciyar can ta cire haƙori ta yi shiru? Ba zan ce ni ban ji tsoro ba. Na ji, don maganarsa ta gidana gaskiya ce. Amma fushi ya fi tsoron yawa a ranar.

Na zagaya bayan asibiti wajen tankin ruwa na buga waya. Wata jami'a ce ta ɗauka. Na fara da gidan Magama da 'yan mata biyun, sannan tawa. Ta ce in riƙe ta da hujjar magani, kada in yi fito-na-fito da kowa, suna tasowa daga Katsina.

Kusan awa ɗaya komai ya tafi daidai. Ni na ɓata. Ledar ruwan farko ta ƙare, na miƙa hannu sama zan rataya ta biyu, hannun rigata ya zame. Hajiya ta ga lambobin a damtsena. Ban san ko ta gane lambar ba ce, ko fuskata ce ta tona ni. Ta miƙe zumbur, ta fizge allurar ruwan daga hannun yarinyar da kanta, jini ya tsarto a zanen gado, ta figo ta zuwa baranda.

Na riga su bakin ƙofar fita na tsaya. Hajiya ta saki murya. "Jama'a ku gane min! Na kawo ɗiyata a hidda mata haure, an riƙe min ita tun azahar!"

Matan benci suka taso min. "Likita, ki ba ta ɗiyarta mana." "Mi ya yi zahi?" "Ai ita ta san abinta."

Nan raina ya gama ɓaci. Na ce, "Ku tambaye ta! Ita, ba Hajiya ba! Tun da ta shigo wa ya ji muryarta a cikinku? Ku gaishe ta mana ku ji!"

Tsohuwar nan ta Kusa ta matso da ɗingishinta, ta leƙa fuskar yarinyar.

"Ɗiyata, ya jikin? An ce daga Farfaru kike. Ɗiyar wa ce ke? Ina da dangi can."

"Kunya gare..." Hajiya ta fara.

"Yi shiru, Hajiya, ba ke nika tambaya ba."

Yarinyar ta dube ni. Na gyaɗa mata kai. Ta buɗe kumburarren bakin nan ta yi ihu da Turanci, ta ce wannan matar ba 'yar'uwarta ba ce, ba ta san ta ba, gida take so, mamarta take so. Daga ni sai shugabanmu, da ya fito ya tsaya a ƙofar ofishinsa, muka san abin da kalmomin ke nufi. Amma babu wadda ta nemi fassara.

Tsohuwar ta juya ta zauna daɓas a tsakiyar ƙofar fita, ta miƙe ƙafafu, ta ce gwiwarta ta riƙe, ba ta iya tashi. Wasu biyu suka zauna kusa da ita. Hajiya ta saki hannun yarinyar, ta gyara mayafi, ta ce bari ta kira mijin ƙanwarta ya zo ya yi mana bayani. Ta bi ta ƙofar baya da jakarta a hammata. Shugabanmu ya kauce ya ba ta hanya. Ni ma ban bi ta ba, ina danne da auduga a hannun yarinyar.

Bayan la'asar jami'an suka iso. Jami'ar da muka yi waya da ita ta shiga ɗaki da yarinyar, su biyu kaɗai, ta rufe ƙofa. Daga baya aka kira uwar da wayata. Abin da na ji daga ɗaya ɓangaren ba zan rubuta shi ba, nasu ne. Wasu daga cikin jami'an kuwa gidan Magama suka wuce kai tsaye. Sun tarar da ɗakin a buɗe, an share shi tas.

Da za a tafi da yarinyar Katsina, ta leƙo ta tagar mota ta ce min, "Sauran biyun fa?" Na ce ana neman su. Ita ta gaya min abin da zai faru tun a kujera, kuma haka ya faru.

An yi ta zancena a gari, wai na tona asirin mace mai mutunci, wai aikin asibiti ya sa min ido a tsaye. Wasu sun daina amsa gaisuwata. Ban damu ba, ko in ce na damu na daina. Abin da na yi shi ne na fitar da kujerar mai rakiya daga ɗakina. Ko miji ne, ko uwa, ko Hajiyar wa, benci. Na sha faɗa da magidanta a kan haka, wasu sun ja matansu sun tafi. Wanda ya zauna a kujerata shi nake tambaya, kuma ina jira sai ya amsa da bakinsa.

Amma ba tsegumin gari ne ya fi tsaya min a rai ba. Washegarin abin, ranar kasuwa, na tsaya sayen mai a wajen wani mai sayar da fetur a kwalba a hanyar Magama, mutumin kirki, na taɓa cire masa haƙori. Yana zuba min mai yana ba ni labari, wai ai shi ya ga wucewarsu jiya kafin la'asar. 'Yan mata biyu cikin hijabi a bayan babura biyu, aka yanki daji da su. A wajensa ma aka sha mai. Ɗaya tana ta kuka ba sauti.

Na ce, "Ka ga tana kuka, ba ka tambaye ta ko lafiya ba?"

Ya tsaya da kwalbar a hannu, ya dube ni da mamaki na gaskiya, kamar ni ce na faɗi abin kunya.

"Haba Likita," ya ce. "Matan mutane ne hwa."